Tsara Fayiloli Ba Tare da Linzami Ba

Mafi yawan Hausawa sun san Jidda ne a matsayin ƙofar da alhazai ke bi zuwa Makka. Amma birnin da kewayensa sun zama mazaunin wasu manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa. A Jami'ar Sarki Abdul'aziz, wadda aka kafa a 1967, an ƙaddamar da wata ƙatuwar kwamfuta mai suna Aziz a 2015, ƙirar kamfanin Fujitsu na Japan. A garin Thuwal kuma, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullahi ta girka Shaheen II, wadda a wannan shekarar ta zo ta bakwai a jerin kwamfutoci mafi sauri a duniya.

Irin waɗannan na'urori ba a zama a gabansu. Mai bincike yakan shiga ne daga nesa ta layin sadarwa, abin da zai tarar kuwa galibi allo ne na rubutu zalla, ba hoto, ba linzami. Duk abin da yake so sai ya rubuta umarni. To, a nan haɗarin yake. A tsarin Linux, wanda manyan kwamfutoci ke aiki da shi, umarnin share fayil haruffa biyu ne kacal, wato rm, kuma abin da aka share ba ya faɗawa wani kwandon shara da za a je a tsamo shi. Kuskuren harafi ɗaya na iya cinye aikin wata da watanni.

Akwai manhajoji da ke sauƙaƙa wannan aiki, waɗanda ake sarrafawa da madannai kawai. Wadda ta yi fice a cikinsu da farko ita ce Norton Commander, wadda wani Ba'amurke, John Socha, ya rubuta, ta fito a 1986. Dabararsa ita ce ya raba allon gida biyu: a hagu ga jakar da fayil yake, a dama ga jakar da za a kai shi. Da haka mutum yana ganin mafari da masauki kafin ya taɓa komai.

A 1994 wani matashi ɗan ƙasar Meziko, Miguel de Icaza, ya fara rubuta irinta domin Linux da danginsa, ya kira ta Midnight Commander, kuma kyauta ake samunta har yau. A cikinta ana hawa da sauka da madannan kibiya, a tsallaka ɗaya gefen da Tab. Madanni F3 na duba fayil ne, F5 na kwafa, F6 na sauya wa fayil mazauni, F8 kuma na sharewa. Kafin ta share, sai ta tambaya ko an tabbata.

Daga baya, a 2009, aka samu Ranger, wadda ta raba allon gida uku, ta kuma ari haruffan h, j, k da l na zirga-zirga daga manhajar rubutu ta vi, wadda Bill Joy ya soma a 1976. Amfanin wannan shi ne yatsu ba sa barin mazauninsu a kan madannai.

Bugu da ƙari, tun da haruffa kaɗai ke kai da komo a kan layi, ba a bukatar intanet mai ƙarfi. Ɗalibi a Kano ko Maraɗi, in yana da izinin shiga, yana iya tsara fayilolinsa a na'urar da ke bakin Bahar Maliya ko da layinsa na rarrafe.

Sai dai tambayar "ka tabbata?" ba ta ceton mai gaggawa, don da zarar ya amsa, fayil ya tafi. Shi ya sa masana ke ajiye kwafin muhimmin aikinsu a wata na'ura dabam kafin su share komai.