Tsohon Bas da Doguwar Hanya: Roba Ce Ke Fara Gazawa

A Turai da Amurka akwai masu ƙaunar tsohon bas ɗin Volkswagen, wanda aka fara ƙerawa a 1950 aka daina a Brazil a 2013. Sukan sa masa gado da ɗan murhu, su ajiye shi duk lokacin sanyi, in gari ya yi ɗumi su fito da shi yawon buɗe ido. A unguwar Kpakungu da ke Minna ba a kwana a bas don nishaɗi, amma matsalar iri ɗaya ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, akan ga tsohuwar Hiace ko J5 jingine a ƙofar gida wata da watanni. Sai biki ko Sallah ta taso, a kakkaɓe ƙura, a ɗebi iyali, a kama hanyar Bida daga shataletalen Kpakungu, a wuce Kutigi da Mokwa, a haye gadar Jebba a nufi Ilori. Mai mota yakan tayar da inji, ya ji yana bugawa lafiya lau, ya ce ai ta shirya. Alhali inji ƙarfe ne, yana jure zama. Abin da zama ke ci shi ne roba da ruwan da ke jikin mota.

Taya ce kan gaba. Mutane na duba zanenta, in bai suɗe ba su ce sabuwa ce, amma roba tana bushewa ta tsattsage ko da ba ta taka kwalta ba, kuma rana tana hanzarta hakan. A gefen taya akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar. In ka ga 2316, an yi ta ne a mako na 23 na 2016. Irin wannan, musamman ta gwanjo da ta gama rayuwarta a wata ƙasa kafin ta iso nan, tana iya kai ka kasuwar Kure ta dawo da kai har shekara guda ba ta nuna komai ba. Amma a ɗora mata cikakken kaya da gudu na sa'o'i a zafin Maris ko Afrilu, lokacin da Minna ke kusantar digiri 40, sai ta fashe ba sallama. Haka tiyon lagireto da fanbel suke, haka ma robobin cikin birki. Shi kuwa man birki yana tsotsar danshi daga iska a hankali, in ya sha ruwa sai ya tafasa da wuri, ƙafar direba ta nutse ba tare da motar ta tsaya ba. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu, ko an yi tafiya ko ba a yi ba.

Wani zai ce kuɗi ne babu, kuma gaskiya ne, taya huɗu ba wasa ba ce a yau. Sai dai tiyo da bel da man birki duka ba su kai kuɗin gyaran injin da ya ƙone ba, kuma tiyo ɗaya da ya fashe ya isa ya ƙona shi cikin 'yan mintoci. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya jinkirta fenti da gyaran kujeru. Wani kuma zai ce tsohuwar mota kowane bakanike ya san ta, in ta lalace a gyara a hanya. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ba ta da tarkacen kwamfuta irin na sababbi. Amma sanin bakanike ba ya samar da kayan gyara a tsakiyar daji, kuma mota cike da mata da yara ba abin da za a bari magariba ta riska a gefen hanya ba ne a wannan zamani. Don haka bel da tiyo da filogi na ko-ta-kwana, da jarkar ruwa, da jak mai aiki, su shiga mota kafin akwatuna.

Saura gwaji, wanda galibi ake tsallakewa. Kwana biyu ko uku kafin tafiya, a loda wa motar nauyi kwatankwacin wanda za ta ɗauka, a kai ta Bida da rana tsaka a dawo, ido na kan allurar zafi. In an iso a ajiye ta a busasshen wuri, da safe a leƙa ƙarƙashinta: duk ɗigon mai ko ruwa da aka gani, a kai wa bakanike a ranar.