Kanta a buɗe ko mai ƙofa? Abin dubawa kafin a kira kafinta

A sababbin gidajen siminti na Maraɗi, Tawa da Yamai ana ƙara ganin kantar katako da aka kafe a jikin bango, daga ƙasa har kusa da rufi, domin ajiye littattafai, takardu da kwanoni. Abin ba baƙo ba ne. A tsofaffin gidajen ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, magini kan bar alkuki a cikin bango tun lokacin gini. Abin da ya sauya shi ne yanzu hoto ake nuna wa kafinta a waya, a ce irinsa ake so, alhali an ɗauko shi ne daga ƙasar da ba ta san hunturu ba, ba ta san gara ba.

Ƙura ce ke fara raba gardama. Kanta a buɗe ta fi araha, ta fi kyau ranar da aka gama ta. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk abin da aka jera a kanta sai an kakkaɓe shi kusan kullum, kuma takarda idan ta sha ƙura ba a wanke ta. Shi ya sa tsarin da ya fi dacewa da gidajenmu shi ne mai hawa biyu: sama ƙofofin gilashi don littattafai, ƙasa ƙofofin katako don abin da ba a son idon baƙo ya gani, kamar takardun fili da na haihuwa.

Ita ma ƙofar kala-kala ce. Akwai wadda ke shigewa cikin bakin kanta daidai wa daida, akwai wadda ke rufe bakin daga waje. Ta farko ta fi tsari a ido, sai dai katako na kumbura da damina, ya tsuke da rani. Ƙofar da aka auna cif a watan Maris tana iya ƙin rufuwa a Agusta. Wadda aka yi da ɗanyen katako cikin damina kuwa za ta bar kafa idan hunturu ya shigo, ƙurar da ake gudu ta samu hanya. Mai rufewa daga waje ba ta cika nuna wannan ba. Ƙofa mai zamiya tana da amfani a ƙaramin ɗaki, amma yashi na taruwa a hanyarta.

Sai gara. Ta ƙasa da ta bayan kanta take shigowa, inda ba mai gani, kuma takarda abincinta ce. Sau da yawa sai an zo ɗauko wani littafi a tarar bango kawai ya rage. Maganin farko na magini ne, ba na kafinta ba: a yi ɗan dakalin siminti kamar santimita 10 a ɗora kantar a kai, wanda zai kuma kare ta daga ruwan wanke ɗaki. A shafa maganin gara a bayan katakon kafin a kafe shi, don bayan an kafe hannu ba ya kai wa.

A kasuwar Katako ta Yamai da sauran wuraren sayar da kayan gini za a ji ana cewa farin katako da jan katako. Farin ba nauyi, ba tsada, amma shi ƙwari suka fi so. Jan ya fi ƙwari da tsada. Ana iya haɗawa: jiki da kwantirfilake mai kauri, ƙofofi da bakin kanta da jan katako. Allon nan na garin katako da aka matse, mai santsi kamar tangaran, ya dace da inda ruwa ba ya zuwa. Idan ya jiƙe ya kumbura, ba ya komawa.

Littafi kaya ne mai nauyi, musamman manyan littattafan tafsiri da hadisi. Allo mai kaurin milimita 18 bai kamata ya wuce santimita 80 ba tare da tokari ba, in ba haka ba cikinsa zai lotsa. Zurfin santimita 30 ya ishi yawancin littattafai, kuma yana rage asara: fallen kwantirfilake santimita 122 ne a faɗi, 244 a tsawo, don haka yana fitar da allo huɗu ba tare da ragowa mai yawa ba.

Wanda ke gidan haya ya yi tunani sau biyu. Abin da aka kafe a bango da wuya ya fito lafiya ranar tashi, kuma kan jawo jayayya da mai gida. Gara a yi kantar gunduwa biyu ko uku da za a jera su kamar ɗaya. Ko da hakan, doguwar kanta sai an ɗaure samanta da bango, domin yara na hawa kanta kamar tsani. A bangon ƙasa ƙusa ba ta riƙewa, sai magini ya binne guntun katako ko ƙarfe a ciki, a ɗaure kantar a jikinsa.