Kadarkon Korama da Gonakin Gado a Gulbin Maraɗi

A ƙauyukan da ke bakin Gulbin Maraɗi, tun daga Madarunfa har Tsibiri, gidaje na bisa tudu, amma gonakin da suka fi albarka na cikin fadama, ƙetaren ruwa. Abin da ke haɗa su a da shi ne kadarko: itatuwa biyu ko uku da aka gitta bisa korama, aka shimfiɗa kara, aka zuba ƙasa.

Dattawan yau sun haye shi suna yara. Su ne masu kai fura gona da hantsi, ƙwarya a ka, kadarko na lilo, jan ruwa na ruri a ƙarƙashi. Wanda ya ɓarar da furar kuwa ya san abin da ke jiran sa wurin mai gida. Kuma gulbin ba abin wasa ba ne: a 1945 ambaliyarsa ta cinye tsohon garin Maraɗi, har aka mai da gari bisa tudu.

A wancan zamani gona gandu ce. Mai gida da ƙannensa da ɗiyansa na noma ta tare, rumbu guda. Saurayi ko matar aure na da ƴar gamana ta kansu. Don haka gyaran kadarko bai zama abin gardama ba. Kafin ruwan shuka a yi gayya, yini guda an gama.

Kuɗin gyaɗa da haraji suka fara raba gandu, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa. Aka yi ta rabon gado har gona ta koma ƴan tsagi-tsagi. Wasu aka ba da jingina, wasu ƴan kasuwar birni suka saye. Mai gonar da ke zaune a birni ba ya zuwa gayya.

A Disamba 1974 Shugaba Seyni Kunce ya bayyana cewa gona ta mai noma ta ce. Masu aro suka yi murna, masu ba da aro suka tsorata, kuma rigingimun gado da dama daga nan suka samo tushe. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye masu ba da takardar shaida, sai dai har yanzu gonakin fadama da yawa ba su da ita. In gardamar iyaka ta tashi gaban hakimi, waɗancan masu kai fura ake kira su nuna inda kanya take, da inda kadarko ya tsaya.