"Tsautsayi Ne": Shin Wannan Maganar Tana Wanke Direba?

Da zarar mota ta banke mai babur a titin Zariya a Kano, kafin jami'an kiyaye haɗurra su iso 'yan kallo sun gama shari'a. Wannan ya ce tsautsayi ne, ba da gangan ba, a yi haƙuri. Wancan ya ce ai babbar mota ce mai laifi a kullum. Irin waɗannan maganganu sun sha cinye haƙƙin marayu.

Maganar tsautsayi tana da ƙamshin gaskiya. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ce a sashe na 48 abin da ya auku bisa tsautsayi ba laifi ba ne. Sai dai da sharaɗi: mutum yana aikin da doka ta yarda, ta hanyar da ta yarda, yana kuma kula yadda ya kamata. Direban da ya san birkinsa ya lalace, ya ɗaure shi da waya ya cika mota da fasinja, ba ya cikin wannan rangwame. Haka wanda idonsa ke kan wayar hannu. Alƙali ba ya tsayawa ga niyya kaɗai, yana tambayar abin da direba mai hankali zai yi a wannan halin. Rashin yin sa sakaci ne.

Ko da kuskuren ya tabbata, shari'ar Musulunci ba ta sallami mutum hannu rabbana ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Diyyar raƙuma 100 ce ko kimarsu, dangin mai kisan na wajen uba ke haɗa ta, shi kuma ya 'yanta bawa mumini, in bai samu ba ya yi azumin wata 2 a jere. Yafe diyya haƙƙin magada ne, ba na maƙwabta masu matsa wa bazawara lamba a zaman makoki ba.

Batun babbar mota ƙarya ce tsagwaronta. Girman abin hawa ba ya yanke hukunci. Wanda ya bugo daga baya yawanci shi ke da laifi, don bai bar tazara ba, amma ba kullum ba. Laifi kan rabu ma: in mai babur ya keta danja, kotu na iya rage masa abin da za a biya shi gwargwadon nasa gangancin.

Masu cewa takardar inshora ta nuna wa 'yan sanda ce kawai, su ma sun kuskure. Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin kuɗin inshorar motar gida naira 15,000 ne, kuma ta gaskiya tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3.