Giya Da Rashin Barci

A shekarar 2000 aka kafa Shari'a a Jihar Katsina, aka hana sayar da giya. Duk da haka, a ƙasar Daura ba a rasa masu sha a ɓoye. Ciwon da take jawo musu ma ɓoye shi suke yi.

Mashayi yana zaton giya tana sa barci. Kayar da shi kawai take yi. Da hanta ta gama tace ta, can cikin dare sai ya farka da gumi da ƙishirwa da faɗuwar gaba. In ya daina sha, kwanakin farko sun fi wuya. Barci kan ɗauki makonni, wani ma watanni, kafin ya daidaita. A nan wasu ke komawa gidan jiya.

Kunya kan kai wasu kemis su sayi Valium. Akwai haɗari. Jiki yana sabawa da ita, kuma haɗa ta da giya yana iya tsayar da numfashi.

A riƙa tashi da asuba kullum, ko da an kwana ido biyu. A bar goro da shayi da taba tun daga la'asar. Barcin rana kada ya wuce rabin awa.

Wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke farat ɗaya sai da shawarar likita. In cikin kwana 2 zuwa 3 jikinsa ya kama rawa, ko yana gane-gane, ko ya faɗi kamar mai farfaɗiya, ba aljanu ba ne. A garzaya da shi asibitin Daura.