Sunan Saliyo: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Saliyo, ƙasar da Turawan Ingila ke rubutawa Sierra Leone, ta samo sunanta daga jerin duwatsun da ke bakin teku a bayan birnin Freetown. A ƙasar Hausa, sunan ya zama ruwan dare a rediyo lokacin da sojojin Najeriya na rundunar ECOMOG suka kori gwamnatin soja daga Freetown a 1998. Game da asalinsa kuwa, bayanai iri-iri ke yawo, wasu daidai, wasu rabi da rabi, wasu kuma ba su da tushe.

Wanda aka fi ji shi ne cewa sunan Sifaniyanci ne. Rabinsa gaskiya ne. Sierra kalmar Sifaniyanci ce da ta fito daga serra ta Latin, ma'anarta zarto, daga baya aka riƙa kiran jerin duwatsu masu tsini da ita saboda sun yi kama da haƙoransa. Leone kuwa zaki ne da Italiyanci. Mutanen Sifen kansu Sierra Leona suke cewa, wato dutsen zakanya.

Haka kuma ba Sifaniyawa ba ne suka raɗa sunan, ballantana Turawan Ingila. Matuƙin jirgin ruwan Fotugal, Pedro de Sintra, ake danganta shi da shi, wajen shekarar 1462, ko da yake wasu masana tarihin Saliyo na ganin abokan sana'arsa sun riga shi amfani da sunan. Da harshen Fotugal Serra Lyoa ne. A hannun marubutan tafiye-tafiye da masu zana taswira na Turai ya yi ta sauyawa har ya zama haɗin gambizar da Ingilishi ya gada. Wurin ma ba a tarar da shi babu suna ba: Temne, mazauna yankin, suna kiransa Romarong.

Sai batun zaki, inda ƙarin gishiri ya fi yawa. Ana cewa zakuna ne suka cika duwatsun. Wannan magana tsohuwa ce, kuma tun a farkon ƙarni na 16 aka ƙaryata ta. Duarte Pacheco Pereira, wani jami'in Fotugal da ya san gaɓar tekun, ya rubuta cewa Sintra da bakinsa ya gaya masa tsananin wurin da wuyar shigarsa ne suka sa ya kira shi haka. Hankali ma ya fi karɓar wannan, domin duwatsun kurmi ne mai yawan ruwan sama, zaki kuwa dabbar fili ce da dajin ciyawa. Cadamosto ɗan Italiya ya kawo wani dalili, cewa rugugin tsawa a kan duwatsun ne ya yi kama da rurin zaki. Masu cewa siffar duwatsun ce ta yi kama da zaki a kwance, hasashe suke yi. Zakin da ke tambarin ƙasar da kuɗinta na leone, wanda aka fara kashewa a 1964, daga sunan suka samo asali.

Kuskure ne kuma a ɗauka duwatsun Freetown ne mafiya tsawo a ƙasar. Ƙololuwarsu, Picket Hill, ba ta kai mita 900 ba, alhali Bintumani da ke duwatsun Loma a arewa maso gabas ya doshi mita 1,950. Sunan ya bazu ne daga duwatsun zuwa dukan ƙasar tare da mulkin Ingila: an kafa Freetown a 1792, ta koma hannun gwamnatin Ingila a 1808, aka haɗa da cikin ƙasa a 1896.

Ingilishi ya ari sierra yana kiran kowane jerin duwatsu masu haƙora da ita, musamman inda Sifaniyawa suka taɓa mulka. Akwai Sierra Nevada a kusa da Garnaɗa ta Andalus, akwai wata a Kalifoniya ta Amurka, ma'anar duka biyun duwatsu masu dusar ƙanƙara. Masu haɗa kalmar da Sahara ta Larabci, kamannin sauti ne ya ruɗe su.

A baki, Ingilishi galibi ba ya furta wasalin ƙarshe na Leone, masu jin harshen Kiriyo na ƙasar kuma sun taƙaita sunan zuwa Salone, wanda ya yi kusa da Saliyo ɗin Hausawa. Sanin Hausawa da ƙasar ya daɗe: cikin bayin da aka 'yanta aka sauke a Freetown a ƙarni na 19 akwai Hausawa, kuma daga bakin irinsu wani Bature mai suna James Schön ya fara koyon Hausa, har ya buga littafin kalmominta a 1843.