Gansakuka ma tana da nata rubutu

 

Idan damina ta yi nisa, kowa yana ganin gansakuka kore shar bisa tabki. Ƙananan halittu ne masu rai suka taru haka. Cikin kowace ƙwayarsu akwai ɗan ɗaki kore, wanda masana ke kira kuloroplas. Nan ne hasken rana da ruwa da iska ke zama abinci. Irin ɗakin ne ke cikin ganyen hatsinmu.

To, ɗakin nan yana da nasa rubutu, mai haruffa 4 kacal: A, C, G, T. A wata gansakuka mai suna Kilamidomonas, haruffan sun haura 200.000, suna ɗauke da umarni wajen 100.

Ku tuna yadda muke rubuta wasiƙa a aji. Da fari sallama, sannan saƙo, sannan rufewa. Haka kowane umarni yake. Akwai guntun da ke cewa a fara karatu nan, da guntun saƙon kansa, da guntun da ke cewa a tsaya. Masana suna tara waɗannan guntaye, su bar sallama da rufewa, su sauya saƙo. Sai gansakuka ta karanta, ta ƙera abin da aka rubuta mata.

A shekara ta 1988 ne John Boynton da abokan aikinsa, can Amurka, suka fara shigar da saƙo cikin ɗakin nan, ta hanyar harba shi bisa ƙurar ƙarfe. A 2012, masanan jami'ar Kaliforniya ta San Diyego suka sa gansakuka ta ƙera wani sinadarin ƙwayar masassarar cizon sauro. Aka yi wa ɓeraye allurarsa, jininsu ya hana ƙwayar cutar girma cikin sauro. Amfanin hanyar shi ne araha, don gansakuka ba ta neman fiye da ruwa da haske da ɗan taki.

Amma ku ji da kyau: gwaji ne aka yi ga ɓeraye, kuma ruwan tabki ba magani ba ne. Ku kwana cikin gidan sauro, ku kai yaro likita da zarar jikinsa ya yi zafi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.